Na kai iyalina bakin teku a hutun Disamba, a gida an ce almubazzaranci na yi

Abu_Hafsat_BK:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana ashirin da dawowarmu daga Legas, yara sun koma makaranta, gajiya ta sake mu, shi ya sa na ce bari in kawo muku maganar da ta tsaya mini a rai.

Ni malamin sakandare ne a nan Birnin Kebbi. Ina da ƙane da ke harkar albasar Aliero a kasuwar Mile 12, shekararsa tara a can, kullum shi ke zuwa mana, mu ba mu taɓa taka ƙafa ba. Tun watan Maris na shiga adashi da niyyar in an ba da hutun zangon farko in kwashi uwargida da yara huɗu mu je masa. Allah ya nufa. Mun bi ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, muka haye gadar Jebba, dare ya yi mana a Ilori muka kwana, washegari da la'asar muka shiga Agege. Mun bar gida cikin rigunan sanyi, leɓe duk man kaɗe, can kuwa zufa muka yi ta yi har da tsakar dare.

Kwana na huɗu ƙanena ya samo mota ya kai mu Badagiri. Tun ba mu hango ruwan ba muke jin rugugi kamar hadarin Agusta na tasowa, alhali sama tas take. Da muka ratsa itatuwan kwakwa muka fito fili, yaran da suka cika mota da surutu sai kowa ya yi tsit. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, ba tsallake, ba ciyawa, ba ɗan tsibiri. Uwargida ta yi ta tasbihi, na ga hawaye a idonta. Auta ta kamfato da hannu ta kai baki, ta tofar tana cewa wa ya zuba gishiri haka.

Abu ɗaya ne ya so ya ɓata ranar. Babban ɗana shekararsa 14, a gulbin Dukku ya koyi iyo, yana ji da kansa. Ya shiga iya gwiwa kawai, igiyar ruwa ta zo ta maka shi da ƙasa, da za ta koma ta tafi da shi. Wani mai sayar da kwakwa ne ya ruga ya cafko wuyan rigarsa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Da muka dawo, Yayana ya ce kuɗin da na kashe da sun sayi taki da man injin ban ruwa na gonar gidanmu ta fadama. Hajiyarmu kuma ta ce: ka bar gulbi a ƙofar gida ka tafi kallon ruwan da ba a sha. Maganar ta zauna mini. Ku gaya mini tsakani da Allah, almubazzaranci na yi? Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, ya ga amfaninta daga baya?

Maman_Walid:
Wa alaikumus salam Malam, sannunku da hanya, Allah ya tsare gaba. Ni ban ga almubazzaranci a nan ba. Adashinka ne, ba bashi ka ci ba, kuma ɗan'uwanka ka je wa. Shekara tara yana cin kuɗin mota ya zo muku, sau ɗaya kun rama masa sai ya zama laifi? Zumunci a ƙafa yake. Tekun ai ƙari ne.

BaKaben_Suru:
Malam ka yi haƙuri, ni bayan Yayanka nike. Wanda bai noman rani bai san mi Disamba ka nuhi gare mu ba. Lokacin nan ne anka gama sussukar shinkafar damana, ana zuba iri na rani, ana gyaran rijiyoyi, ana neman kuɗɗin taki. Tun da anka cire tallahin mai a 2023, abin da inji ka sha a mako ɗaya ya isa ya karya mutum. In gonar ta gandu ce, to duk wanda za ya ci daga rumbun, hannunai ya kamata a gani ga wanga lokaci. Ba hassada Yayanka ya yi maka ba, lissahi ya yi.

Abu_Hafsat_BK:
@BaKaben_Suru gaskiyarka, gonar ta gandu ce. Amma na ba da kasona na taki tun kafin mu tashi. Abin da Yaya ke nufi shi ne da na ƙara a kai, tunda bana komai ya yi tsada.

BaKaben_Suru:
To in ka ba da kasonka, rabin maganata ta hwaɗi. Rabin na nan.

Zainabu_Kalgo:
Ni maganar Hajiya ce ta fi kama ni. Don Allah me ya hana mu riƙa kai yara Yauri? Ga ruwa, ga jiragen ruwa, ga kifi ɗanye, na ji an ce har rairayi akwai mai faɗi kamar na bakin teku. Sammako ɗaya ka je ka dawo ka kwana a ɗakinka. Da Disamba mai zuwa a haɗa kai a yi motoci biyu daga zauren nan.

Jikan_Sarkawa:
@Zainabu_Kalgo maraba da ku a kowane lokaci, amma bari in gyara miki abu ɗaya don kada ku zo ku ce mun yi muku ƙarya. In rairayi kike so, Disamba ba lokacinsa ba ne. Kogin nan namu na Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wanda ke cika wajen Agusta zuwa Oktoba. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin hunturu lokacin da ko ɗigon sama babu. Shi wannan ruwan saman da aka yi ne tun a duwatsun ƙasar Gini, ya bi ta Mali ya bazu a fadamun can ya yi watanni, lakar ta kwanta, sannan ya gangaro ta Yamai ya shigo mana ta ƙasar Kebbi garau. Ga kuma madatsar Kainji da aka gama a 1968, ita ke riƙe ruwan har ya taso ya taɓo mu. Don haka a Disamba da Janairu kogin a cike yake maƙil, kuma da sanyi. Sai bazara ta kama ruwa ya ja baya tukuna tudun yashi ke fitowa.

Kuma Malam Abu Hafsat, ka gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa ruwan ƙofar gidanta can yake zuwa. Gulbin da ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi cikin Kwara yake zuba, Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, su gangara su faɗa cikin wannan tekun dai da ka gani. Ni da aka haifa a bakin ruwa, kakana masunci, ubana masunci, ban taɓa ganin inda ruwanmu ke ƙarewa ba, kuma ina so in gani kafin in mutu.

Zainabu_Kalgo:
Ikon Allah. Wallahi ban taɓa sanin haka ba, na ɗauka da rani kowane kogi raguwa yake. Na gode Baba.

Dalibi_Gwandu:
Afuwan zan ɗan kauce. Malam, da azahar ta same ku a can da wane ruwa kuka yi alwala? Na taɓa jin ana gardama cewa ruwan gishiri bai halatta ba tunda ɗanɗanonsa ya canza.

Malam_Na_Zaure:
@Dalibi_Gwandu wannan mas'ala an gama ta tun zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, daga Abu Huraira, wani mutum ya ce suna hawa teku da ɗan guzurin ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, shin su yi da ruwan teku? Aka ba shi amsa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Canjin da ke hana alwala shi ne wanda wani abu daga waje ya kawo, gishirin teku kuwa asalin halittarsa ne.

Tunda an taɓo, matafiyi irin Malam yana kasaru a hanya, amma a mazhabarmu in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika sallarsa.

Game da ainihin tambayar, ba zan ce almubazzaranci ba ne. Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, kuma a Suratul Furƙan aya ta 53 ya ambaci ruwa biyu, ɗaya mai daɗi mai kashe ƙishi, ɗaya mai gishiri mai ɗaci. Yaran Malam sun ɗanɗana duka biyun da harshensu. Ranar da za su karanta ayar nan a Islamiyya ba kamar sauran yara za su ji ta ba. Sai dai haƙƙin gida yana gaba, wannan kuma shi da Yayansa suka san iyakarsa.

Nas_Argungu:
Ni abin da ya faru da yaron ne ya hana ni wucewa. Iyaye mu kula, iya iyo a gulbi daban, teku daban. Gulbi gefe ɗaya yake tafiya, yaro ya san in ya saki jiki inda zai kai shi. Teku kuwa turo ka yake ya kuma janye ka, yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo yake taruwa ya yi hanya ɗaya siririya ya koma ciki da ƙarfi. Abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya, ba kumfa sosai, sai baƙo ya ce nan ne mai sauƙi. Wanda irin wannan ya ja, kada ya ce zai yi kokawa da shi ya nufo gaɓa kai tsaye, gajiya zai yi. Gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga hanyar, sannan a juyo. Bayan haka ruwan yana hawa yana sauka kusan sau biyu a yini saboda jan wata, inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar.

Masu cewa a tsaya a gulbin gida kuma, shi ma da nasa. Yaran da ake kawo mana da fitsarin jini, tsargiya ce, daga wanka a ruwan da ke kwance mai katantanwa suke ɗaukarta. Tana da magani, amma iyaye da yawa sai abin ya daɗe suke kawo yaro.

Bintu_Ngaski:
Duk lokacin da aka yi maganar ruwa da nishaɗi jikina sanyi yake. Mu nan ba mu manta watan Mayun 2021 ba, jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja zai zo Warra ya rabe a tsakiyar kogi. Mutum fiye da 150 ne a ciki, waɗanda aka fitar da rai 'yan kaɗan ne. Akwai makwabciyarmu a ciki, da goyonta. Kwanaki ana tsamo gawa. Don haka @Zainabu_Kalgo in za ku zo, don Allah kada wanda ya sa ɗansa a jirgi ba rigar kariya, kada ku yarda a yi lodi ya wuce kima, kada ku bari magariba ta yi muku a kan ruwa. In mai jirgi ya ce ba komai, ku sauka ku bar masa jirginsa.

Jikan_Sarkawa:
Allah ya jiƙansu da rahama. Maganarki dutse ce 'yata. Mu da kanmu masu ruwan muna da sakaci, mutum ya ga an haife shi a kai sai ya raina rigar.

Maman_Walid:
Amin ya Allah. Allah ya sa sun huta.

Bagusaje_77:
Ina karanta ku daga Gusau, na rasa abin da zan ce. Ku kuna muhawara ko a je Legas ko a je Yauri. Mu a hutun nan ko ƙauyenmu ban iya kai yara sun gaida kakarsu ba, kuma tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Sai ita munka ɗauko da rana tsaka ta yi mako guda ta koma. Da muna yara, hutun sanyi a ƙauye muke yinsa, ana sussuka, ana gasa dankali a toka, a kai mu kallon dutsen Kwatarkwashi, wani lokaci har dam ɗin Bakolori. Ɗana na fari shekararsa 11, bai taɓa kwana a garin ubansa ba. Malam, in Allah ya ba ka hanya lafiya da kuɗin mota ka fita da ɗiyanka, kada ka yi nadama. Akwai masu kuɗin da ba su da hanyar.

Abu_Hafsat_BK:
@Bagusaje_77 wallahi ka sa na ji kunyar ƙorafina. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya maido muku da garuruwanku.

Direban_Jega:
Shekara 16 ina jan mota tsakanin Jega da Ikko. Shawarata ga mai niyya: kada ya tashi daga 20 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu in yana da zaɓi. Kuɗin mota na hawa, manyan motoci sun cika hanya, tsakanin Mokwa da Jebba in tirela ɗaya ta faɗi sai ku yini a wurin. Ga hazo, da asuba wani lokaci ba ka ganin abin da ke gabanka. Malam ya yi daidai da ya kwana a Ilori. Masu cewa a miƙe a isa cikin dare da yara a mota ba su san abin da muke gani ba. Ni kaina sau nawa na shiga Ikko ba zan iya ƙirgawa ba, amma daga tasha sai masauki. Sau ɗaya na hango tekun daga nesa, ban taɓa sa ƙafa ba.

Abu_Sumayya:
Ni damuwata daban ce. Na farko, masu kiran Disamba ƙarshen shekara, wace shekara? Shekararmu a Zulhajji take ƙarewa. Na biyu, kowa ya san abin da ake yi a bakin teku a wannan lokaci, kiɗa, shaye-shaye, tsiraici. Mutum ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa mata ya kai su irin wannan wuri, ni ban ga dacewarsa ba.

Rifkatu_Zuru:
@Abu_Sumayya Yaya, ai Malam bai ce biki ya je yi ba, hutun makaranta ne, kuma a lokacin ake ba kowa, Musulmi da Kirista. Mu nan Zuru Disamba ita ce watan da gida ke cika. 'Yan'uwanmu sojoji da ma'aikata da ke Legas, Fatakwal, Kaduna duk suna dawowa Kirsimeti, an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, ga lokacin bikin gargajiya na Uhola. Makwabtanmu Musulmi muna kai musu abinci, su ma da Sallah su kawo mana. Abin da na lura shi ne mu namu hutun dawowa gida ne, ba fita ba. Yayana ya yi shekaru a barikin Legas, matarsa ta ce ko sau ɗaya bai kai su bakin ruwa ba, kuɗin duk na motar zuwa gida ne. Kowa da abin da ya rasa.

Sani_Agege:
@Abu_Sumayya abin da ka faɗa akwai shi, ba zan musa ba, amma ba ko'ina ba kuma ba kowane lokaci ba. Ni ɗan Koko ne, ina zaune a nan. Wuraren Lekki irin su Elegushi da yammacin Asabar ko Lahadi, ko ranar 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, ni ma ba zan kai iyalina ba. Amma ka je gefen Badagiri ranar Talata da hantsi, masunta za ka tarar suna jan taru, da masu kwakwa, da 'yan makaranta. Matanmu da hijabansu suke zuwa su zauna a inuwa. Tsofaffin 'yan Legas na ba da labarin Bar Beach da kowa ke zuwa kyauta, yanzu an cike wurin da yashi an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Yawancin na cikin gari sai ka biya kuɗin shiga, ka biya na rumfa, wani wurin ma ba a barin ka shiga da abincinka. Ƙanen Malam ya san gari da ya zaɓi can.

Abu_Sumayya:
To in haka ne da sauƙi. Amma dai a riƙa bincike kafin a je.

Malama_Tarihi:
Malam Abu Hafsat, tunda har Badagiri kuka je, ina fata ba ruwa kaɗai kuka kalla ba. Garin yana cikin tashoshin da aka riƙa lodin bayi zuwa ƙetare. Akwai gidajen da aka ajiye sarƙoƙi da marin da ake sa wa mutane, akwai kurkukun bayi na Seriki Abass, akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845. Sannan ana haye ruwa da kwalekwale zuwa Gberefu, a taka da ƙafa har bakin teku, inda daga nan ba a komowa.

Abin da ba a cika koya wa yaranmu ba shi ne wannan tarihin namu ne mu ma. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, an kama mutane da yawa aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har gaɓar teku, daga nan aka tsallaka da su Bahiya a ƙasar Barazil. Hausawa sun yi yawa a can har hukumomin wurin suka gano shirin tawayensu a 1807. A 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi a birnin Salbado suka yi babban tawaye, akasarinsu Yarbawa ne amma da Hausawa a ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wato akwai wanda aka haifa a irin garuruwanmu, ya yi karatun allo kamar mu, ganinsa na farko da teku shi ne ranar da aka tura shi cikin jirgi. In yaro ya tsaya a wurin aka gaya masa wannan, ba na jin zai manta.

Abu_Hafsat_BK:
@Malama_Tarihi mun je Malama, ban kawo ba ne don kada rubutun ya yi tsawo. Da safe muka fara da gidan sarƙoƙin. Mai yi mana bayani ya ɗora wa babban ɗana sarƙar wuya a hannu don ya ji nauyinta, yaron ya kasa riƙewa da hannu ɗaya. Mun haye Gberefu, mun taka hanyar nan cikin rana, mun wuce rijiyar da aka ce ana shayar da su. 'Yata ta biyu ta tambaye ni, Baba su waye suka sayar da su? Na yi shiru, don amsar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Zancen Barazil ɗin nan ban sani ba sai yau. Zan karanta musu abin da kika rubuta da daddare.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni ta Kamba ce, na yi shekaru ina saro kaya a Kwatano. Da ta Gaya muke bi mu haye gada zuwa Malanbil, mu gangara ta Paraku, kafin hanyar ta rikice bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kasuwar Dantokpa na san ta lungu-lungu. Teku yana nan kusa, 'yan uwan tafiya ba mai zancensa, kowa lissafin sefa yake. Wata rana kayana suka makara, na ce wa mai babur ya kai ni in gani. Na zauna ni kaɗai kusan awa biyu. A lokacin ban daɗe da rasa mijina ba, kuma tun rasuwar ban samu inda na yi kuka son raina ba, gida cike da yara da baƙi. A nan na yi. Na tashi na wanke fuskata na koma kasuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da Malam ya ce ya ga hawaye a idon matarsa na gane. Ku maza ku riƙa tambayar kanku yaushe rabon matar gidan ta ga wani abu da ba bangon gida da gidan biki ba.

Maman_Walid:
Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya. Kin taɓo inda nake so a je. A Disambar nan biki biyar na halarta, uku da anko, kowanne da gudummawa, ga kuɗin ɗinki, ga na lalle. In na haɗa abin da gidanmu ya kashe, ban ce ya kai na tafiyar Malam ba amma ya doshi rabi. Ba wanda ya kira shi almubazzaranci, don kowa na yi. Atamfofin suna cikin akwati, wata ma ba zan sake ɗaurawa ba.

BaKaben_Suru:
@Maman_Walid ga wanga kam ina tare da ke, ankon nan ya ishe mu. Amma biki bashi na, ranar naka za a rama maka. Teku ba ya rama ma kowa komi. Ni ban ce kar a tahi ba. Cewa niy yi a duba lokaci. In anka yanke shinkafar rani wajen Mayu, kuɗɗi na hannu, Yaya da kainai za ya ce a tahi da ɗiyansa.

Nas_Argungu:
Sai dai lokacin damina ta kama a kudu, Baba, ruwan ya fi hauka, kuma yara na makaranta. Shi ya sa kowa ke rububin Disamba. Ni shawarata a raba: shekara ɗaya nesa, shekara biyu gida. Yara nawa ne a Birnin Kebbi ba su taɓa shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ba, ba su taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ba? Bikin kamun kifin nan tun 1934 ake yinsa, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, mutane na tasowa daga wasu ƙasashe, mu kuma yana bayan gidanmu.

Dalibi_Gwandu:
Ni ma ban taɓa shiga gidan tarihin ba, kuma sau da yawa ina wucewa ta Argungu. Zan gyara in sha Allah.

Zainabu_Kalgo:
To ni dai ina nan kan batun Yauri. Tunda Baba ya ce sai ruwa ya ja baya, a duba hutun zango na biyu. Wa zai shiga? Sharaɗi shi ne na Bintu, ba riga ba hawa.

Abu_Hafsat_BK:
Na gode ƙwarai jama'a, kowa ya ba ni abin tunani. Jiya da daddare na je wurin Yaya, na kai masa kuɗin jarka biyu na man inji daga albashin da ya shigo. Ya karɓa, ya sa albarka, amma bai janye maganarsa ba, ni ma ban ce ya janye ba. Hajiya kuwa auta ta kai mata kwalbar ruwan tekun da ta ɓoyo a jakarta da 'yan ƙwaryar katantanwa. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce a ajiye mata a kan kwabarta kada wanda ya zubar. Har yanzu tana cewa ruwan banza ne tunda ba ya shayar da gona, amma duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta sa an ɗauko kwalbar.

@Zainabu_Kalgo a rubuta ni da yara uku. Babban sai na ga yadda zai yi, tun da muka dawo bai sake zuwa Dukku ba, ko abokansa sun biyo masa.

Jikan_Sarkawa:
Ka zo da shi Malam, kada ka bar tsoron ya kwana a jikinsa. Zan sa shi a gaban jirgina da rigarsa, mu fara da bakin gaɓa. Ku dai sanar da ni saura mako biyu don in nemi rigunan, na yara sun fi wuyar samu. Mutum nawa ne zuwa yanzu?